Askin Hannun Hagu

"Matsa sama, Harisu. Ƙaho ake yi, ba huɗar gero ba."

Da wannan maganar na iske Baba Mainasara kwance a zaurensa, baki a karkace, Harisu wanzami durƙushe a kansa ya kafa masa ƙaho biyu a ƙeya. Ni sunana Nagoggo, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Na dawo daga kasuwar Mai'adua ke nan da akori-kurata, matarsa Iya Adama ta tare ni ba ko mayafi, wai Malam ya faɗi yana wasa aska.

Baba Mainasara wanzami ne, kuma bahago. Babu kan da bai taɓa ba a unguwarmu, har nawa. Shi da Harisu sun tsufa suna kushe aikin juna, ko a wajen biki ba sa zama tabarma ɗaya. Amma da ya faɗi, Harisun aka fara kira da gudu.

Harisu ya cire ƙaho ya juye a kasko, jini baƙi ƙirin. Ya ce, "Ka ga mataccen jinin nan? Ɗaga hannun mu gani."

Hannun hagu bai motsa ba, ƙafar ma haka. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, mota na waje." Muka ciccibe shi muka kwantar a kan buhunan wake, yana ta mita wai ko rago an fi lallaɓa shi.

Abin da ke cin ransa ba ciwon ba ne. Ɗansa guda, Audi, ya shekara da shekaru da aure ba haihuwa, sai a makon nan Allah ya ba shi 'ya mace. Mutumin da ya yi wa 'ya'yan kowa askin suna bai taɓa yi wa jikansa ba. Suna ranar Asabar, ga shi ya faɗi Laraba.

Likitan asibitin wani dogo ne mai fara'a. Ya ɗaga hannun ya saki, ya faɗo kamar tsumma. Ya ce, "Baba, shanyewar ɓarin jiki ce. Na fi zaton gudan jini ne ya toshe wata jijiya a cikin kanka."

Sai fuskar tsohon ta washe, ɓarin da ke iya washewa. "Gudan jini? Ai ka zo gida, ɗana. Tun ba a haife ka ba nake fitar da shi. Ka ba ni mai hannu kawai, ba irin Harisu ba."

Likita ya yi dariya. "Wannan yana can cikin ƙoƙon kai, ƙaho ba ya kaiwa."

"To, a narkar da shi mana. Kuɗin man fetur sun kawo rediyo, sun kawo babur har ga masu kitso, maganin ne ya gagara?"

"A Turai an gwada wata allura mai narkar da shi, amma ta sa wasu jini ya ɓalle musu a ka. Ba ta kai a ba mutum ba tukuna."

"Yaushe za ta iso Daura?"

"Wataƙila jikokinka su gani."

"Alhamdu lillahi, ina da guda. Asabar zan je in yi mata aski."

Nan aka yi ta. Likita ya ce jinin Baba ya hau sosai, tashi daga gadon nan ganganci ne. Iya Adama ta ce, "Malam, ka kwanta. Gashi ne fa, wani zai tsiro." Ya ce na fari ba ya tsirowa sau biyu. Kwana biyu bai bar nas ko ɗaya ya huta ba, har likita ya gaji ya kira ni gefe, ya ce in ɗauke shi da safe in dawo da shi bayan azahar, kada kuma a ba shi gishiri. Gaskiya na ji tsoro, amma ban ga fuskar da zan ce masa a'a ba.

Ranar Asabar aka raɗa wa yarinya Sa'adatu, aka raba goro. Muka jingine Baba da bango a zaure, aka kawo zabirarsa, jakar fatar da yake zuba asake. Harisu ne zai yi askin, kowa ya san haka, shi ya sa zauren ya yi tsit lokacin da aka fito da jaririyar.

"Ku kawo mini amaryata," in ji Baba. Ya ɗauki aska da hannun dama, hannun da bai taɓa riƙe ta ba. Ya dube ta, ya mayar ya ajiye. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar a lokacin ba.

Harisu ya gyara zama, ya jiƙa kan yarinyar da ruwan sabulu. Sai ya ɗago shanyayyen hannun nan, ya buɗe yatsun, ya sa askar a ciki, ya rufe da nasa hannun.

"Bismilla, bahago. Yau dai na ga yadda ake yi da hagun."

Suka ja tare, sau ɗaya, daga goshi zuwa tsakiyar kai. Yarinya ta tsala kuka, mata a cikin gida suka rangaɗa guɗa. Harisu ya karɓi askar ya ci gaba, Baba yana kallo, hawaye na bin ɓarin da ya shanye.

"Ka bar wani a bayan kunne," ya ce.

"Ban kai wurin ba."

"Kai ba ka taɓa kaiwa ba."

Zaure ya kwashe da dariya. Da aka kawo naman suna Baba ya rantse sai ya ɗanɗana, Iya Adama ta ɗauraye masa 'yar tsoka a ruwa saboda gishiri. Ya ce a kwantar da shi ya huta kafin mu koma, ni kuma in daina tsaya masa a ka kamar ɗan doka.

Na yi azahar, na tayar da mota, na shiga in ɗauke shi. Harisu na zaune kusa da shi, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Kashe motarka, Nagoggo."

Ni na zuba ruwa wajen wankan gawarsa, Harisu na cuɗawa. Da ya zo hannun hagu ya tarar da shi a dunƙule. Ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. A tafin hannun akwai ɗan gashi baƙi, mai laushi, manne da busasshen sabulu.

Harisu ya daɗe yana dubansa. Sannan ya tsince shi a hankali, ya sa a aljihun zabirar da ke rataye a bango, ya ce in zuba ruwa.