Sunan da Asibi Ba Ta Kira

Duk Zaitawa babu wanda ya taɓa jin Asibi ta ambaci sunan Isyaku, kuma babu wanda ya ga laifinta. Ɗanta ne na fari. Mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. Ana yaye shi ƙanwar ubansa, Gwaggo Kande, ta goye shi sai Dukawuya, can ya girma. Idan zancensa ya zama dole, Asibi takan ce “wancan na Kande”, ta kau da kai. Matan unguwa har misali suke yi da ita wajen kara.

Isyaku ya yi boko, ya zama malami, aka tura shi kwas Ingila. Ya dawo a 1955, gari ya cika da zancen mulkin kai. Kafin nan Allah ya yi wa Kande rasuwa, uban ma ya bi ta, don haka ya tare a gidansu na Zaitawa da matarsa Husaina da jaririnsu Lawal. Kullum da safe yakan durƙusa a ƙofar ɗakin Asibi ya ce, “Inna, ina kwana?” Ita kuwa ta amsa wa bango.

Amma kunnenta fa? Kai, wannan kunne bai san kunya ba! Tana daga ɗaki tana kaɗi, duk abin da ya faɗa a tsakar gida sai ta tsince shi tas. Ta haka ta san cewa a makarantar horon malamai yana koyar da wani fanni wai shi saikoloji, ilimin halayyar ɗan Adam. Ta ji yana yi wa Husaina bayani: akwai masu nazarin yadda mutum yake koyo da yadda yake mantuwa, akwai masu duba taɓin hankali, akwai masu binciken abin da ke sa mutum ya sake hali idan ya shiga taro. Shi nasa ɓangaren na yara ne. Asibi ta taɓe baki, ta ce a ranta ikon Allah, yanzu raino ma sai an hau jirgi an koyo shi. A ƙasan ran kuwa daɗi ne fal, don ta ji yadda Turanci ke zuba a bakinsa.

Rigimar a kan Lawal ta taso. Husaina ’yar gidan mutunci ce, tana ta yi wa ɗanta kara yadda aka koya mata. Wata la’asar yaron ya yi ta tsala kuka a kan tabarma, ita tana gefe tana tankaɗe, ta ƙi ɗaga kai saboda surukarta na ɗaki. Sai ga Isyaku ya shigo da kekensa.

“Husaina, ɗauki yaron nan. Ki kira sunansa, ki yi masa wasa.”

“Haba Malam! Inna fa tana ji.”

Ya jingine keken ya zauna a kan turmi. Ya ce mata a lokacin yaƙi an raba yara da yawa da iyayensu mata a Ingila, aka ba su abinci da tufa da magani, babu abin da suka rasa, amma masana suka bi su suka tarar waɗansu sun daina dariya, waɗansu sun daina kukan ma. Ya ce yaro yana gane fuskar uwarsa da muryarta tun bai san komai ba, kuma a wurinta yake koyon cewa ana son sa.

Husaina ta yi dariya ta ce, “To ai kai ma ɗan fari ne, Malam. Ga ka nan garau, me ya same ka?”

A ɗaki, Asibi ta tsayar da mazarinta.

“Gwaggo ta riƙe ni da amana, Allah ya jiƙan ta,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. “Amma idan ta kawo ni gidan nan, ɓarna nake ta yi don a tsawata min da sunana. Na taɓa fasa tulu da gangan, har ya yanke ni a ƙafa. Inna ta leƙo ta ce a gaya wa yaron nan ya wuce gida. Na san al’ada ce, na karanta, na fahimta, ban kuma riƙe ta ba. Sai dai har yau ban san yadda sunana yake a bakinta ba.”

Wayyo Asibi! Ta tuna tulun nan sarai. Ta tuna jinin a kan yatsansa, da yadda ta danne hannunta a ƙarƙashin cinya don kada ya miƙa kansa. Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba. Ita a tsammaninta ya sani. Ai kowa ya san wanda aka fi ɓoyewa shi aka fi so, to ashe ban da shi yaron.

Daga ranar ta ɗaura niyyar sai ta kira shi. Abu kamar wasa, ya gagara. Ta gwada ita kaɗai a ɗaki, harshen ya yi mata nauyi kamar dutsen niƙa. Ta je Ƙofar Wambai sayar da zare, ta ji wani mai tebur yana ƙwala wa ɗan dako kira, “Isyaku! Isyaku!” Takaici ya kama ta, wai ga sunan nan a banza a bakin kowa. Da safe idan ya durƙusa sai ta buɗe baki, abin da zai fito shi ne “Lafiya lau.” Sai ta huce a kan jikanta, ta ɗauke shi tana cewa, “Lawal maigidana, ragon miji, ina cefane?” Ta ce bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce, ta ce bayan babbar salla.

Da bazara sanƙarau ya shigo gari. Isyaku ya dawo daga makaranta da ciwon kai, washegari wuya ya sanƙare, da hantsi ya daina gane mutane. Maza suka fita neman motar da za ta kai shi asibiti. Husaina ta zauna a ƙofar ɗaki tana kuka da Lawal a cinya.

Asibi ta taso ta tsallake ta, ta shiga ɗakin da ba ta taɓa takawa ba. Matan maƙwabta da suka taru suka bi ta da ido, ko a jikinta. Ta zauna a bakin gado, ta ɗora tafinta a goshinsa, zafi rau. Rabon da ta taɓa shi tun ranar yaye.

“Isyaku,” ta ce. Ashe ma ba shi da nauyi. “Isyaku. Isyakuna.”

Idanunsa a rufe, amma fuskar ta saki. Ya lalubo hannunta ya riƙe gam, ya yi murmushi irin na yara.

“Na’am, Gwaggo,” ya ce. “Kin zo?”

Asibi ta ji abin har tsakiyar kanta. Wa zai zata? Duk duniya mace ɗaya ce ta saba kiransa haka da hannu a goshinsa, ita kuwa tana kabari. Ta buɗe baki za ta ce ni ce, uwarka ce, sai ta dubi yadda ya sami natsuwa, ta ji tsoron kada ta rikita shi.

“Na zo,” ta ce.

“Gwaggo, kada ki gaya wa Inna ba ni da lafiya. Ba za ta iya shigowa ba, sai dai ta zauna ita kaɗai da abin a ranta.”

“Ba zan gaya mata ba,” in ji Asibi.

Kafin motar ta iso lungu, ya cika, hannunsa a cikin nata.