Girandar da Kambai Ya Bari a Kunne

Wajen ƙarfe biyu na ranar Alhamis aka ɗauke wuta. Kambai mai walda yana durƙushe a sabon ɗakin taro na majami'arsu, a wani ƙauye kusa da Kagoma, yana yankan ƙarafan taga, sai girandar, injin yankan ƙarfen, ta yi shiru a hannunsa. Ya ɗan jira, bai ga alamar dawowarta ba. Ya tura injin ƙarƙashin bencin gaba, ya kakkaɓe wandonsa. Faifan yankan ma ya kusa cinyewa, saboda haka ya ga gara ya yi amfani da lokacin ya shiga Kafanchan ya sayo wani.

A shagon Francis, mai sayar da kayan walda, ya zauna a kan wani galan yana sauraron labarin da bai tambaya ba. Francis mutum ne mai son magana, Kambai kuwa gyaɗa kai kawai ya iya. Ana cikin labarin wani surukin Francis da cittarsa ta ruɓe a gona, fankar shagon ta fara juyawa da kanta. Can a layin masu ɗinki aka yi ihu, rediyon wani ya ɓarke da waƙa.

"Yauwa, an kawo," in ji Francis. "Ka ga fankan nan, ko kashe shi ba na yi. In sun ga dama su kawo, shi ma ya ga dama ya tashi."

Kambai ya zuba wa fankar ido. Sannu a hankali ya dubi babban yatsansa na dama. Makunnin girandarsa irin wanda ake turawa gaba ne ya maƙale, don kada hannu ya gaji. Ya tuna ya tura shi. Bai tuna ya dawo da shi ba. Fulogin kuma yana nan a soket. Murfin da ke rufe rabin faifan ma tun da safe ya kwance shi, don ya samu ya shiga wani lungun ƙarfe.

"Francis, layinmu da naku ɗaya ne?"

"Ɗaya mana. In mun samu kun samu. Lafiya, Oga Kambai?"

"Ƙarfe nawa?"

"Huɗu saura kwata."

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu matan Zumunta, ƙungiyar matan majami'ar, ke koyon waƙa, kuma tun da aka rufa wa sabon ɗakin kwano suka koma can. Tsofaffin sukan riga kowa zuwa, su cire takalma a bakin ƙofa, su zauna a bencin gaba. Matarsa Hellen ce ke buga musu tukunyar kiɗa. Kambai ya taɓa ganin giranda ta kufce wa wani a garejin da ya koyi aiki. Ba ta tsaya wuri guda ba, sai da ta yi ta tsalle a kan siminti har iyakar tsawon wayarta.

Ya kira Hellen, kiran bai shiga ba. Ya sake kira, haka. Ya kira Fasto, wayar ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ya fita daga shagon, ya bar faifan da ya saya a kan tebur, Francis yana kiransa.

A bakin titi ya samu Jibir, wani Bafillace ɗan acaba da ya taɓa gyara wa kariyar mashin.

"Jibir, gida. Majami'a. Ka yi sauri don Allah."

"Baba, an yi rasuwa ne?"

"Ban sani ba tukuna."

Jibir bai ƙara tambaya ba sai da suka bar gari. Iska na dukan kunnensu, Kambai ya faɗa masa a taƙaice. Jibir ya yi salati, ya ƙara wuta, sannan ya rage da suka zo inda ruwan sama ya cinye gefen hanya.

"Kada ka rage."

"Baba, in na zubar da kai a nan, wa zai je ya kashe injin? Riƙe ni da kyau dai. A'a, ba a wuya ba."

Duk gidan da suka wuce Kambai sai ya leƙa. Ga ƙwan lantarki yana ci a barandar wani gida da rana. Ga injin niƙa yana ta ruri a wata mararraba. An kawo wuta, babu shakka. Ya fara Addu'ar Ubangiji a zuciyarsa, ya kai rabi ya rasa inda yake, ya sake daga farko. Abin da ya tsaya masa a ido shi ne ƙafafun Mama Yemima, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a Zumunta, waɗanda kullum suke a kumbure, wadda ko kaza ta bi ta kansu ba ta iya janye su da wuri.

Tun daga wajen bishiyar mangwaron makaranta ya fara kasa kunne. Yana jiran ihu, ko ya ga mutane suna gudu. Sai ya ji tukunya. Dim, dim-dim. Sai muryoyin mata suka ɗauka, wata ta tsayar da su, suka sake ɗauka.

"Waƙa suke yi," in ji Jibir.

Kambai ya diro kafin mashin ya gama tsayawa. A bakin ƙofa takalma ne birjik. Ya tsallake su ya shiga.

Mata kusan ashirin ne a ɗakin. Mama Yemima tana bencin gaba, ƙafafunta a miƙe, diddigenta bai fi taku ɗaya daga faifan girandar ba. Injin yana kwance yadda ya bar shi. A jikin bango kuwa, inda doguwar wayarsa mai soket huɗu take, wayoyin hannu ne a jere a ƙasa, da tocila biyu, kowanne yana caji. Caroline, magatakardar Zumunta, tana sunkuye a wurin, fulogin girandar a hannunta, tana faɗa.

"Kullum ina gaya muku, kayan mutum in kun same shi ku bar shi yadda yake. Wa ya cire wa Baba Kambai abinsa? Bari in mayar masa kafin ya—"

"Caroline! Sake shi!"

Ba wanda ya taɓa jin Kambai ya ɗaga murya, ko a taron dattawa. Caroline ta saki fulogin kamar ya ƙone ta. Hellen ta tsaya da hannu a sama, bakin tukunyar a buɗe.

Ya taka zuwa bencin gaba, ya durƙusa, ya jawo girandar daga kusa da ƙafar tsohuwar. Makunnin yana gaba, a maƙale. Ya danna shi, ya ji ya koma baya da 'yar ƙara.

"Baban Eli, mene ne?" in ji Hellen.

"Wa ya zare fulogin nan?"

Can sai Mama Mildred, mai sayar da ƙosai a bakin makaranta, ta gyara ɗankwalinta.

"Ni ne. To mene? Tun ƙarfe uku na zo, babu wuta, na ce bari in sa wayana ya jira. Rami huɗu, uku sun riga sun cika, naka ya cinye ɗaya, kai kuma ba ka nan. In laifi ne a yi haƙuri, amma ba sai an yi mana tsawa a gidan Ubangiji ba."

"Mama, ba laifi ba ne." Ya ɗaga injin don su gani. "A kunne na bar shi. Wuta ta ɗauke ina cikin aiki, na ajiye ban kashe ba. Da wutar ta same shi a haɗe, da kansa zai tashi. Ga shi babu murfi."

Matan suka dubi faifan, suka dubi ƙafafun Mama Yemima. Wata ta ce, "Yesu!" a hankali. Caroline ta goge tafin hannunta a zaninta, ta zauna a kan abin da ya fi kusa da ita, wanda ya zama bokitin fenti ne.

Mama Yemima ce kaɗai ba ta ji abin da aka ce ba. Sai da Hellen ta sunkuya ta maimaita mata a kunne. Tsohuwar ta leƙa ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ta motsa yatsun.

"Kambai, ƙafan nan ciwo suke ba ni, amma ban ce a yanke mini ba."

Dariya ta ɓarke, irin wadda take fitowa da ƙarfi fiye da yadda maganar ta kai. Mama Mildred ta miƙe tsaye.

"Kun ji ko? Caroline, rubuta a littafinki. Daga yau kada wanda ya sake ce mini ina damun mutane da caji."

"Shekara ashirin kana aikin nan," in ji Hellen, ba da ƙarfi ba, don shi kaɗai. Idonta ya cika. "Shekara ashirin, Baban Eli."

"Na sani."

Ya lalubo murfin a cikin jakar kayan aikinsa, ya zauna a ƙasa ya ɗaura shi, ya ɗaure kusoshin har sai da sifana ta ƙi juyawa. Ya naɗe wayar a jikin injin, ya sa a jaka, ya ja zif.

Jibir yana tsaye daga waje, ya leƙo ta tagar da ba ta da ƙarfe tukuna.

"Baba, kowa lafiya?"

"Kowa lafiya, Jibir."

"Alhamdu lillahi. To ni wuyana ne ba lafiya."

Kambai ya yi masa alama da hannu ya ɗan jira, zai sallame shi. Ya jingina da bango, jakar a kan cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu. Hellen ta share ido da gefen zani, ta gyara tukunyar tsakanin ƙafafunta, ta buga. Matan suka ɗauki waƙar daga baiti na biyu, Mama Yemima tana bin kiɗan da diddigenta a kan siminti.