Takardar Ƙanin Matarsa

Dogo da ƙanin matarsa aiki ɗaya suke yi, ɗaukar hoton walda a jikin manyan bututu don a ga ko akwai tsaga a ciki. A cikin na'urar aikin akwai wani ɗan ƙarfe da bai fi ƙwayar wake ba, mai fitar da radiyeshan, hasken nan da ido ba ya gani amma yake ratsa ƙarfe, balle mutum. Akan turo shi ta tiyo, a ɗauki hoto, a ja shi ya koma gidansa. Wata Talata da hantsi bai koma ba. Ya maƙale a bakin tiyo, mitar gargaɗi kuma batirinta ya mutu, suka matso suna canza fim suna gardamar ƙwallo, ba su ankara ba sai bayan kusan minti ashirin.

Ƙanin matar, wanda ake kira Injiniya ko da yake bai taɓa karatun injiniya ba, shi ne ya durƙusa a gindin bututun. Dogo yana tsaye taku uku a baya, riƙe da kwalin fim. Da aka duba bajojin da suke maƙalawa a ƙirji, masu nuna yawan hasken da ya shiga jikin mutum, na Injiniya ya ninka na Dogo. Likita ta ce ba za su ji komai a jikinsu ba yanzu. Abin da ya ƙaru shi ne yiwuwar kamuwa da kansa nan gaba, ƙarin ma ba mai yawa ba. Ta ce su riƙa zuwa gwaji duk wata shida.

Shekara tara suna zuwa tare, su zauna a benci ɗaya, Dogo yana tsokanarsa wai ya yi maza ya rubuta wasiyya tun yana gane biro. A shekara ta goma aka taɓa wuyan Dogo aka ji ƙullutu.

An yi aiki an cire, likita ta ce kansa ce, amma irin wadda ake warkewa. Ya fito da tabo a maƙogwaro, da dasasshiyar murya, da ƙwayar da zai riƙa sha kullum da safe iya rayuwarsa. Ya tambaye ta ko abin ranar Talatar nan ne ya jawo. Ta ce babu likitan da zai rantse a kan haka, don waɗanda ba su taɓa kusantar irin na'urar ba ma suna kamuwa. Amsar ba ta shige shi ba.

Injiniya kuwa takardarsa fes take fitowa. Ya yi kumatu, ya ajiye tumbi, aka ba shi shugabancin ma'aikata a fagen aiki, Dogo kuma aka mayar da shi sito yana jera akwatuna. Ran da matarsa ta ji sakamakon ƙaninta ta ɗaga hannu tana hamdala, Dogo yana kallonta. Bai so yaron ya kamu ba, Allah ya sani. Amma lafiyarsa tana cinsa. In Injiniya ya yi dariya a ƙofar gida, muryar garau, sai Dogo ya juya fuska ga bango ya ce a ce yana barci. Lemon da ya kawo dubiya, maƙwabta suka sha. Sau da yawa matar takan tarar da shi a tsakar gida yana auna taku uku daga bakin rariya, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Da lokacin gwaji ya zagayo, Dogo ya yi sammako don kada su haɗu da Injiniya, sai ya tarar da shi a bencin. Injiniya ya miƙe ya gaishe shi. Dogo ya wuce shi, ya zauna a can ƙarshe, sannan ya yi magana.

"Kai ka fi ni kusa."

"Na sani, Yaya," in ji Injiniya. "Kullum sai na tuna."

A nan Dogo ya lura da wuyansa. Gefen maƙogwaron ya yi duhu, fatar ta goge, irin ta wurin da yatsa ke yawan dannawa. Ko a lokacin hannun yana can yana lalube, mai hannun bai ma sani ba.

Aka kira Injiniya. Da ya fito sai ya ninke takardar da sauri zai cusa a aljihu, kamar wanda ya ɗauko abin wani. Dogo ya miƙa hannu. Ya karanta har ƙasa, babu komai. Ya ce madalla, Allah ya ƙara tsarewa. Bakin ya faɗa daidai, zuciyar ce ta ƙi biyo shi.

Da ya koma gida shi da kansa ya gaya wa matarsa sakamakon ƙaninta. Ta ce to, ta juya ga tukunya don kada ya ga fuskarta. Ya dai ga yadda kafaɗunta suka sauka. Ya shiga ɗaki, ya ce a ajiye masa abincin sai an jima.