Angon Da Ya Zo Da Ƙwai

A bayan gidan Dezső akwai ɗan tafki, a cikinsa kuwa akwai wata tsohuwar kifanya da yake kira Gimbiya. Mahaifinsa ne ya fara kiwon kakanninta, yanzu ita kaɗai ta rage. Burin Dezső bai wuce ya ga 'ya'yanta ba kafin ɗayansu ya riga ɗaya.

Da bazara ta kama, ya sauka kogin Tisza, ƙasa da gari, ya kamo mata miji: ƙato, mai kaushin kai irin na maza. Ya raɗa masa suna Ango. Kullum da hantsi yana zaune bakin tafki yana busa musu sarewa, wai don su saba.

Ciyawa ta yi tsawo, ta bushe. Ko ɗan kifi ɗaya babu.

"Tsoho, surukin naka kunya gare shi?" in ji matarsa Piroska, wadda ta tsufa tana aikin unguwarzoma. "Matsa cikinsa mu ga madara."

Haka ake gane namijin kifi a nan, da farin ruwan da suke kira madara. Dezső ya matsa, ya sake matsawa. Ango ya dube shi kawai.

"Gajiya ce," in ji shi.

"Tukunya tana maganin gajiya."

Ta ɗora albasa da jan barkono. Da ta farka cikin Ango, sai ta kwashe da dariya har da riƙe ƙugu. Ga jakar madara a ƙanƙance, ga ƙwai birjik a jikinta.

"Ka aura wa Gimbiya ƙawa!"

Dezső ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Abin ya fi burge shi fiye da ba shi haushi. "To wa ya yi masa wannan aiki?"

"Wataƙila ni," in ji Piroska. "Ƙwayoyin tazarar haihuwa da na yi ta raba wa matan gari, ina kake tsammani suke ƙarewa? Daga fitsari sai bututu, daga bututu sai kogi. Ga dattin masana'anta a kai. Shi kuma bawan Allah yana ta sha, har ya fara komawa mace."

Dezső ya shanye romon, ya nemi ƙari. Sannan ya sa hular zuwa coci, ya ɗaura bokiti a keke.

"Ina kuma?"

"Neman aure. Can sama da gari, inda ruwa bai san ki ba."

"Wannan karon ka matsa kafin ka ba da 'ya!"