Filin Jirgin Baba Zaka

"Passport, madam."

Lantana ta miƙa masa katin asibitinta. Fasfon na gaskiya yana ƙasan akwati cikin leda biyu, ba za ta fito da shi tsakar gida cikin wannan damina ba.

Baba Zaka ya dubi katin, ya dube ta, ya ɗaure fuska kamar bai taɓa cin wainarta ba. Yana zaune ne a bayan teburin guga, sanye da tsohuwar rigarsa ta aiki mai ƙyalli. Ya tambaye ta da Turanci abin da ya kawo ta ƙasarsu.

"My daughter. Baby. I go bath her."

Ya ajiye katin. "Maman Juwai, sau nawa zan faɗa maka? Kar ka ce wanka. In ka gaya wa Bature za ka yi wa babbar mace wanka da tafasasshen ruwa, 'yan sanda zai kira."

"To ai abin da zai kai ni ke nan."

"Ka ce ziyara. Wankan jego tsakaninka ne da 'yarka."

Ta gyara mayafi. "I am visiting my daughter."

"Yauwa." Ya buga murfin kwalba a kan katin a matsayin hatimi. "Next."

Babu kowa a bayanta sai kazar masu gida.

Shekara goma sha tara suna haya a gida ɗaya a Dutse Alhaji, a gefen Abuja, ɗakinta na kallon nasa, kuma har yau "ka" yake ce mata kamar namiji. Ta gyara masa a shekarar farko, ta gaji ta bari. Sunansa Zacharias, daga wajen Kafanchan ya zo. Shekara ashirin da shida ya yi yana tura fasinjoji a keken marasa lafiya a filin jirgin Abuja, daga bakin mota zuwa ƙofar jirgi. Bai taɓa wuce ƙofar ba. Amma duk tambayar da ake yi wa matafiyi a nan ta shiga kunnensa, ta can kuma ya ji ta a bakin masu dawowa.

'Yar Lantana tilo, Juwairiyya, nas ce a Leeds ta ƙasar Ingila, tana da cikin fari, saura wata biyu. Biza ta fito, an sayi tikiti. Matsalar ɗaya ce: za a canza jirgi a Addis Ababa, awa biyu tsakani, Turancin Lantana kuwa bai wuce kuɗin waina da "no change" ba.

"Umma, keke zan sa a rubuta miki," in ji Juwairiyya a waya. "Duk iyayenmu haka suke zuwa. Ki zauna kawai, a tura ki har jirgi na biyu, ko bakinki ba sai kin buɗe ba."

"Keken guragu?"

"Ba na guragu ba ne kawai."

"Ubanki da ƙafarsa ya shiga asibiti. Suka ce ya ɗan zauna a keke ya huta. Bai sake sauka ba. Ƙafata lafiyarta ƙalau, ba zan kira wa kaina ciwo ba."

Sun yi mako guda suna wannan. A ƙarshe Juwairiyya ta kafa sharaɗi. Baba Zaka zai koya mata, shi zai yi mata jarrabawa. In ya ce ta ci, ta taho da ƙafarta. In ya ce ta faɗi, ko ta hau keke ko a fasa tafiyar, don ita ba za ta shiga naƙuda tana tunanin uwarta ta ɓata a Habasha ba.

Washegari tsakar gidan ya zama filin jirgi. Igiyar shanya ce wurin bincike, nan ake cire takalmi da 'yan kunne. Teburin guga na masu duba fasfo ne. Ƙofar shiga jirgi kuwa lamba ce da yake rubutawa da alli, yau a jikin famfo, gobe a ƙofar kicin. Matarsa Christina ita ce mai sanarwa. Takan toshe hanci da yatsu biyu ta yi magana ta cikin mazurarin kalanzir, wai haka muryar take fita a can.

Kullum in Lantana ta tashi daga tuya wajen ƙarfe goma, sai ta wanke hannu ta ɗauki jaka ta shiga layi.

Ta koyi neman banɗaki da ruwan sha da wurin salla. Ta koyi yadda za ta ce a maimaita mata a hankali, wanda Baba Zaka ya ce ya fi duk sauran amfani. Da yake ba ta karanta boko, kowane darasi sai ya ɗauka mata shi a waya da muryarsa, ya yi tambaya, ya bar fili ta amsa. Masu sayen waina suka saba jin tana juya tanda tana gaya wa wani mutum a cikin zaninta cewa wata uku za ta yi.

Ranar darasin kwastan ya sa ta kawo kayan da za ta tafi da su. Ta baje su a kan teburin guga: gero da kanwa na kunu, yajin jego, kuka, daddawa.

"Wannan me za ka ce masa?" Ya ɗaga daddawar nesa da hancinsa.

"Daddawa."

"Bai san ta ba. Ka ce spice. Duk abin da ke wari, spice." Ya koma Turanci. "Any meat, madam?"

"No."

Ya sa hannu ƙarƙashin geron ya zaro ƙunshin kilishi. Ya buɗe, ya yaga, ya kai baki.

"Kai, Baba Zaka, na mai jego ne."

"An ƙwace. Nama ba ya shiga ƙasarsu, kuma ka yi wa ofisa ƙarya."

Christina ta leƙo daga ɗaki. "Zaka, likita ya hana ka gishiri."

"Aiki nake yi," ya ce, ya ƙara yanki ɗaya.

Ciwon ƙoda ne, ya kai shekara biyu da shi. A mako na huɗu ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. A na biyar ya kasa kaiwa teburin guga. Mutanen cocinsu suka kawo masa aron keke, baƙi, taya ɗaya na ƙara. Lantana ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana kallon abin kamar an shigo da makara.

Christina na fama da ciwon baya. Sai ga Lantana a bayan keken, riƙe da hannuwansa biyu.

"Ba haka ba. In ka zo bakin kwata ka juya, ka ja da baya. Ka gaya wa fasinja kafin ka juya shi. In ka tsaya, birki tukuna, sannan magana." Da suka tsallake ya waiwayo. "Ka gani? Na hau, ban mutu ba."

"Bari a kwana biyu kafin ka yi alfahari."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wata safiya tana tura shi ya sha hantsi ta tambaye shi ko bai taɓa sha'awar shiga jirgin ba.

"Sau ɗaya na leƙa. Kujeru ne kamar na motar Legas." Ya gyara zama a keken. "Abin da nake son sani, in an tashi, ana jin sanyi a ƙafa? Duk tsofaffin da na ɗauko, da safa suke saukowa."

"In na je zan gaya maka."

"In ka ci jarrabawa."

Ranar Litinin aka yi ta, saura kwana goma tafiya. Bai yi mata sauƙi ba. Ya hana Hausa gaba ɗaya. Ya rubuta mata lamba goma sha huɗu a kati, ta zaga ta samo ta a jikin famfo, ta zauna a kan bokiti tana murna. Can sai Christina ta toshe hanci ta zubo wata doguwar magana ta mazurari. Lantana ba ta kama komai ba sai kalmar "change". Ta tashi, ta je gaban keken.

"Excuse me. Please, say it again. Slowly."

Ya maimaita, ba murmushi. An canza ƙofa, ta koma ashirin da biyu, saura minti biyar. Ta duba kicin, ta duba bayan tanki, ta duba ƙofar banɗaki. Babu. Ta fita waje da jaka a kai, ta iske lambar a jikin shagon mai gyaran waya, gida uku daga nasu. Ta dawo tana haki da alli a tafin hannu.

"Na ci?"

"Mai jarrabawa ba ya gaya wa ɗalibi. Wanda ya ba ni aiki zan gaya wa." Ya karɓi wayarta ya sa Christina ta tura shi ɗaki. Da ya dawo da ita ya ce ya ƙara saƙo ɗaya. "Na ƙarshen nan kar ka buɗe sai jirgi ya sauka Ingila."

Ranar Laraba da safe aka yi ruwa. Da ya ɗauke, Lantana ta wanke hannu ta ɗauki jaka kamar kullum. Ba a fito da teburin guga ba. Rediyonsa, da ba ya mutuwa tun asuba, shiru. Christina na zaune a dokin ƙofa da kofin shayi cike a hannunta.

"Maman Juwai," ta ce, "ya ce in haɗa masa shayi. Na dawo, ya tafi."

Lantana ta ajiye jakar. Ta karɓi kofin ta sa a ƙasa, ta zauna kusa da ita. Da mutane suka fara cika gidan ta tashi ta ɗora babbar tukunya. Kwana uku tana ciyar da 'yan coci da dangi daga Kafanchan.

A rana ta huɗu ta samu Christina ita kaɗai, ta ce, "Na ce masa ya bari a kwana biyu."

"Na sani. Duk wanda ya zo duba shi sai ya ba shi labarin yana dariya. Har fasto."

Za a kai shi gida a binne ranar Asabar ta sama. Jirgin Lantana ranar Alhamis ne. Ta ce za ta sa a ɗaga tafiyar.

Christina ta ce, "Ki ɗaga mene? Mutumin da ya ƙarar da allin jikokina a kanki?"

Da yamma Juwairiyya ta turo mata saƙon da ya aika tun Litinin. Muryar ta yi ƙasa, amma tasa ce.

"Juwai, Baba Zaka ne. Mamanka ya ci. Saba'in bisa ɗari. Da tamanin ne, kilishi ya rage masa goma. Kar ka rubuta keke."

Ranar Alhamis, tana sauka daga mota a filin jirgi, wani mutum mai furfura a gemu ya nufo ta, sanye da riga mai ƙyalli irin ta Baba Zaka, yana tura keke.

"Hajiya, ke ce Maman Juwai? Sunana Manniru. Oga Zaka ne ya koya mini aiki. Ya kira ni wancan makon, ya ce in kawo miki wannan."

"Ya ce in hau?"

"Ya ce ba za ki hau ba. Amma in kawo."

Ta dubi keken. Sabo ne, tayarsa ba ta ƙara.

"No, thank you," ta ce. "I can walk."

Ta ɗora jakar hannunta a kan kujerar. Haka suka bi layi, suka wuce bincike, suka wuce masu fasfo, ita da ƙafarta, jaka a keke. A ƙofar jirgi Manniru ya taka birki tukuna, sannan ya miƙa mata jakar ya yi mata fatan sauka lafiya. Ya juya keken ya koma.

Addis Ababa ta fi tsakar gida girma, kuma mai sanarwarsu ta fi Christina toshe hanci. Lantana ta tsayar da wata mata mai kayan aiki ta nuna mata kati. Matar ta zubo magana da sauri tana nuni da hannu.

"Please, say it again. Slowly."

Matar ta maimaita. Sama, hagu, miƙe.

Ta samu ƙofar saura fiye da awa guda. Ta gwada lambar kati da ta bango sau biyu, sannan ta zauna. A gefe an jera tsofaffi huɗu a kekuna, an bar su suna gyangyaɗi. Ta ciro waya ta danna wurin ɗaukar murya, ta aika wa lambarsa, wadda yanzu take hannun Christina.

"Ana jin sanyi a ƙafa. Sosai ma."

Ta gangara zuwa saƙon ƙarshe, wanda ba a buɗe ba. Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Ta ɗan dube shi, ta mayar da wayar cikin jaka, ta zaro safa ta fara sawa.