Ranar da Akoko Ta Tsallaka Titi

Edoh yana goge ɗan ƙaramin cokalin shayi da adiko lokacin da agogon bango ya buga sha biyu. Ya ɗaga cokalin ya duba fuskarsa a ciki, ya gan ta a kife kamar kullum, sannan ya ajiye shi kusa da ɗan farantin da bai wuce tafin hannu ba. Teburin bakin taga ya shirya: babban faranti a gefe guda, ƙarami a ɗaya gefen, da kujerar da aka ɗora wa matasai har suka kai tsayin tebur.

Tun yana saurayi yake aikin sabis, wato kai wa baƙi abinci, a Cokalin Azurfa, gidan abincin da manyan Lome suke zuwa a da. Yanzu gashinsa ya yi fari kamar mayafan teburan, teburan kuwa babu kowa a kansu sai ƙadangaren da ke zaune bayan agogo, wanda yake leƙowa idan an buɗe kwalba. Tunda aka buɗe Koklo-Koklo a tsallaken titi, gidan soyayyiyar kaza mai rassa a kowace unguwa, mutane suka koyi cin abinci daga kwali, wasu ma a tsaye. Edoh ya daɗe yana tunanin inda abinci yake zuwa idan mutum ya ci shi a tsaye. Ya fi zaton a gwiwa yake taruwa.

Tebur ɗaya ne ya rage da ba ya tashi, na ranar Alhamis. Mama Akuele, tsohuwar dillaliyar atamfa, takan zo da 'yar'uwarta Akoko. Tagwaye ne. Akoko ta tafi daji neman itace tun suna rarrafe, domin a Lome ba a cewa tagwaye sun mutu. Aka sassaƙa ta da itace, tsawon ɗani guda, kuma tun daga lokacin Akuele take yi mata wanka, take ɗinka mata irin atamfar da ta ɗaura, take zuwa da ita ko'ina. Edoh ne yake ja wa Akoko kujera, ita yake fara miƙa wa takardar abinci, ya tsaya ya jira. Sunansa ma na wanda aka haifa bayan tagwaye ne, kuma kowa ya san tagwaye suna jin maganar mai wannan suna.

Madam Ayele, mai gidan abincin, ta fito daga ofis da waya a hannu.

"Ba su zo ba?"

"Suna hanya, Madam."

"Mutanen kazar nan sun sake kira. Suna son ginin nan, wai wurin ajiye motoci. Na gaya maka, Edoh, ba zan tashi tagwaye daga teburinsu ba, ba ni da wannan ƙarfin halin. Amma ranar da suka daina zuwa da kansu, ranar zan sa hannu."

Ta koma ciki. Mensah, kukun gidan, ya leƙo da ludayi ta tagar kicin.

"Tsoho, sa tabaranka ka dubi tsallake. Marsandin wa ke can ƙarƙashin hoton zakara?"

Edoh ya duba. Mota ɗaya ce a duk Lome mai wannan launin ruwan madara, da direba mai barci baki buɗe: motar Mama Akuele.

"Wataƙila taya ce ta yi faci."

"Facin da ke ƙamshin kaza? Ni da na tashi da asuba ina dafa romon kifi saboda Akoko ba ta son ƙaya!"

Edoh ya gyara ɗan laktayensa mai kama da malam-buɗe-littafi, ya rataya adiko a hannu, ya jefa ƙaramin cokalin a aljihu bai sani ba, ya tsallaka titi tsakanin 'yan acaɓa.

Cikin Koklo-Koklo sanyi kamar firij, hayaniya kamar tasha. A kusurwa ana bikin ranar haihuwar wani yaro, yara sun sa hulunan takarda, kowane kwali an saka masa ɗan kada na roba a ciki. Manaja, wani saurayi mai jar hula, ya tare shi.

"Baba, layi yana can."

"Ban zo ci ba, ɗana. Na zo ɗaukar baƙina."

Ya same su a teburin roba. Mama Akuele tana riƙe da wata 'yar takarda mai lamba, Akoko kuma an jingina ta da kwalin gishiri, cikin shuɗiyar atamfa da murjani a wuya. Ko kujera ba ta da ita.

"Barka da rana, Madam Akoko," in ji Edoh, ya rusuna. "Barka da rana, Mama."

"Kar ka dube ni haka, Edoh. Ba ni ba ce, ita ce." Mama ta nuna 'yar'uwarta da haɓa. "Muna wucewa ta ga allon nan, wai sayi ɗaya a ba ka ɗaya kyauta. Tun ranar ta hana ni barci. Ta ce sai yau aka samu masu hankali a garin nan, waɗanda suka san mutum biyu-biyu yake zuwa."

"Mu ma ai ba mu taɓa sa ta biya ba, Mama."

"Ku ba ku rubuta a allo ba."

Sai wata murya ta fito daga lasifika tana kiran lamba. Mama ta duba takardarta, ta dafa sanda, ta miƙe.

"Ina za ki, Mama?"

"Ɗauko abinci. A nan da kanka kake ɗauka."

Edoh ya so ya tsaya ya bar ta ta ɗanɗana irin gidan da ta zaɓa. Ya kasa. Matar da a da ma'aikatan kwastan suke miƙewa idan ta shigo, ita ce za ta ɗauki tire? Ya bi ta, ya karɓi tiren daga hannun mai miƙawa, ya ɗaga shi bisa yatsu uku. Da suka dawo, kwalin gishiri yana nan, Akoko babu.

Mama ba ta yi ihu ba. Ta zauna a hankali, ta shafa wurin da tafin hannu, ta sake shafawa. Edoh bai taɓa ganin fuskarta haka ba, kamar an zare mata ƙashi.

"Ban taɓa kwana ba ta kusa da ni ba," in ji ta, can ƙasa-ƙasa.

Ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ya buɗe kwandon shara, ya cusa hannu har gwiwar hannu cikin ƙasusuwa. Ya kamo manaja.

"An ɗauke baƙuwa daga teburin can. Gajeruwa ce, kamar haka, da shuɗiyar atamfa."

"'Yar tsana? Baba, wannan makon kada muke bayarwa. 'Yan tsana sai wata mai zuwa."

A Cokalin Azurfa, idan Edoh yana son a yi shiru, kofin gilashi yake ƙwanƙwasawa. A nan komai takarda ne da roba. Ya laluba aljihu, ya ji cokalin. Ya je wurin ƙarfen da ake bin layi, ya buga. Ƙarar ta fito siririya, mai tsabta, irin wadda ba a taɓa ji a gidan ba. Ya sake bugawa. Har mai lasifika ta yi shiru.

"Teburin Madam Akoko ya shirya," in ji Edoh, da muryar da yake shelar manyan baƙi. "'Yar'uwarta tana jiranta."

Daga ƙarƙashin teburin biki wata 'yar yarinya mai giɓi ta rarrafo, hular takarda a karkace. Ta kwantar da Akoko a cinya, tana riƙe da soyayyen dankali. Bakin Akoko ya yi ja wur da miyar tumatir, har kan murjani.

"Ita kaɗai aka bari, ba ta da abinci," in ji yarinyar. "Ni na ba ta nawa."

Uwar yarinyar ta ga abin da ke cinyar 'yarta, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! 'Yar tagwaye ce! Afi, me kika jawo mini?" Ta zube gaban Mama Akuele. "Mama, ki roƙa mana ita. Yarinya ce, ta ɗauka daga kwali ta fito."

Manaja ya cire jar hularsa ya riƙe a ƙirji. Wani mai kwat ya kawo cinyar kazarsa ya ajiye a teburin Mama, wata ta kawo lemo. Kafin a ankara tebur ya cika.

Mama ta karɓi 'yar'uwarta da hannu biyu, ta daɗe tana dubanta.

"Tashi, 'yata, ba ta yi fushi ba." Ta juya wa Edoh fuskar Akoko. "Duba bakin nan. Shekara da shekaru a wurinku, ka taɓa ganin ta ci har ta ɓata riga?"

Maganar ta soki Edoh, amma bai nuna ba. Ya sauke adikonsa, ya goge bakin a hankali, ya goge murjanin ɗaya-ɗaya. Sannan ya rusuna kamar kowace Alhamis.

"Madam Akoko ta ji daɗin abincin?"

Ya jira. Duk gidan ya jira tare da shi, har masu suya suka leƙo. Mama ta karkata kunne wajen Akoko.

"Ta ce kazar ta yi daɗi."

Manaja ya yi murmushi.

"Ta ce dankalin ma." Mama ta ƙara karkata kai. "Ta ce amma tunda ta shigo ba wanda ya gaishe ta sai kai da yarinyar nan. Kuma an jingina ta da gishiri kamar tsintsiya. Ta ce a kai ta kujerarta. A taho da kazar."

Haka suka tsallaka titi. Edoh a gaba, kwalaye biyu a kan tire bisa yatsu uku, ɗaya hannun yana tsayar da 'yan acaɓa. Mama a baya da sanda, Akoko a soke a ɗaurin zaninta tana kallon hanya. Madam Ayele tana bakin ƙofa da waya a kunne. Ta dube su, ta ce wa na cikin wayar, "A'a, ba yau ba," ta kashe.

Mensah ya tare ƙofar kicin da ludayi.

"Wannan abin ba zai shiga kicin ɗina ba. Ni da na koyi girki a jirgin ruwa! Kazar da aka soya cikin gaggawa kamar ana korar ta?"

"Ba ni faranti mai zafi, Mensah. Baƙuwa ce ta yi oda."

Edoh ya ja kujera, ya zaunar da Akoko bisa matasai, ya ɗaura mata sabon adiko. Ya yanka ɗan tsokar kaza, ya jera silin dankali biyu a ɗan farantin, ya ɗiga miyar tumatir a gefe. Mama ta sha romon kifinta har da ƙari. Ƙadangare ya leƙo daga bayan agogo, ya koma.

Da suka tashi tafiya Mama ta tsaya a ƙofa.

"Alhamis mai zuwa ma haka take so. Ka je da wuri, layin yana da tsawo."

Edoh ya kwashe faranti ya shiga kicin. Kwali na biyu, na kyautar, yana buɗe a kan teburin yanka, babu komai ciki sai ƙashi. Mensah ya juya baya yana wanke tukunyar da ya riga ya wanke.

"Na ɗanɗana ne don in san abokin gaba," in ji shi. "Gishiri ya yi yawa."

Edoh ya ciro ƙaramin cokalin, ya wanke, ya fara gogewa.

"Ranar Alhamis ɗin," in ji Mensah, har yanzu bai juyo ba, "idan ka sayi na Akoko, ɗayan da suke bayarwa fa? Kar ka bar musu."