Ƙarami da Yaransa

Sandar ganga ta wuce ta gefen kunnen Mai fiyano, ta daki ƙyauren shagon.

"Sake faɗin sunan nan in ji," in ji Mai ganga. Ya riga ya miƙe tsaye.

Mai fiyano bai sake faɗi ba. Sai ya dubi Ƙarami, mawaƙinsu, ƙanen Mai ganga uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke zaune a kan tsohuwar taya yana naɗe wayar makirufo a yatsa.

Su uku ne ƙungiyar. A shagon waldar Mai ganga suke gwaji in aiki ya lafa, tsakanin ƙofofin ƙarfe da ba a gama haɗawa ba. Sun daɗe suna kiɗa ba suna. Mai buƙatarsu ya ce a kira masa 'yan walda, shi ke nan. Yanzu wani babban otal ya ba su dandamali ranar Asabar, manajan ya ce a yau yake son suna, domin a buga fasta.

Tun safe ake jifa da sunaye. Mai fiyano ya kawo Tsintsiya, wai maɗaurinsu ɗaya, Ƙarami ya ce ashe shara za a riƙa kiransu. Aka kawo Guguwa, aka tarar masu shi sun yi yawa a gari. Mai ganga kuwa Tartsatsi yake so. Ya daɗe yana tauna sunan nan a zuciya, duk sa'ad da ya ɗora wuta a kan ƙarfe shi yake gani. Ya faɗe shi da safe cikin kunya, ba wanda ya tanka. Sai ga Mai fiyano, mai bakin da ba ya riƙe ruwa, ya fasa ƙwai, ya faɗi sunan da Ƙarami ke ɓoyewa.

"Yaya, ba ni na ƙago shi ba," in ji Ƙarami. "Manaja ne ya ce haka ake yi ko'ina, sunan mawaƙi a gaba. Ƙarami da Yaransa. Suna ne kawai."

"Su wa ne yaran?"

"Yaya..."

"Tambayarka nake. Ni ne yaron? Ni da na goya ka, na share maka majina? A bakin wa ka fara jin waƙa in ba a bakina ba?"

Da Ƙarami ya yi shiru a nan, da an tashi lafiya. Amma tun da muryarsa ta fara yawo a wayoyin mutane, kafaɗarsa ta ƙara faɗi.

"Mu faɗi gaskiya, Yaya. Ba ganga mutane ke zuwa ji ba. Ganga ai ko fiyanon nan yana yin ta."

Mai fiyano, don ya mai da zancen wasa, ya danna maɓalli. Na'urar ta ɗauki kiɗan ganga, tsaf, ba gargada. Gaskiya Ƙarami ya faɗa, ita ce kuma ta fi zafi.

Marin ya sauka kafin Ƙarami ya miƙe. Ya sha marin yayansa tun yana yaro, kullum sunkuyar da kai yake yi. Yau sai ya sa kan ya daki hancin Mai ganga. Jini ya ɓalle. Suka kama kokawa, suka faɗa kan gangunan, fatar babbar ta ɓarke a ƙarƙashin gwiwar ɗayansu. Mai fiyano ya shiga rabo, gwiwar hannu ta same shi a ido, ya koma gefe yana riƙe da fuska. Na'urar na ta kiɗanta, ba wanda ya tuna ya kashe.

Ƙarami ya fi shi jiki yanzu, abin da Mai ganga bai lura ba sai yau. Ya tsinci kansa a ƙasa, bayansa a kan ɓurɓushin ƙarfe, ƙanensa na zaune a ƙirjinsa ya danne masa wuya.

"Ka bari mana, Yaya," Ƙarami ke faɗi yana haki. "Na girma. Ka bari."

Ba dukansa yake ba, riƙe shi kawai ya yi, kamar yadda ake riƙe yaro mai birgima. Wannan ne Mai ganga ya kasa haɗiyewa. Hannunsa ya laluba ƙasa, ya faɗa kan guntun rodi da ya yanke jiya. Bai yi tunani ba. Ya kai duka da dukkan ƙarfin hannun da ya saba da guduma.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙarami ya kife gefe, bakinsa ya karkace, haƙora biyu a ƙasa cikin jini. Ya buɗe baki zai yi magana, sai gurnani ya fito. Maƙwabta suka cika ƙofa, mai faci na gefe ya shigo ya murɗe rodin daga hannun Mai ganga, wanda bai ma san yana riƙe da shi ba.

Mai ganga ne ya ɗauki ƙanensa zuwa mota. A hanya ya tallafe masa haɓa da tafin hannu, yana jin ƙashin na motsi inda bai kamata ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

A asibiti likita ta ce muƙamuƙin ya karye wuri biyu, za a ɗaure shi da waya, zai daɗe bai buɗe baki ba. Bakin rodin kuma ya taɓa maƙogwaro.

"Mawaƙi ne," in ji Mai ganga. "Muryar za ta dawo?"

"Bari mu ga ya fara magana tukuna," in ji likitar, ta wuce.

Inna ta iso da takalmi wari da wari. Ta tambayi wanda ya yi wa ɗanta haka. Mai fiyano, da ido ɗaya a kumbure, ya ce ƙarfe ne ya faɗo masa a shago. Inna ta dubi idon nasa, ta dubi hancin babban ɗanta da rigarsa. Ba ta sake tambaya ba.

"Kauce mini," ta ce, ta shiga ɗakin.

Mai ganga ya zauna a bencin baranda. Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba yana hango Inna na goge wa Ƙarami wuya da gefen gyalenta, an naɗe masa kai da bandeji har haɓa. Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Manajan otal ne.

"Mai buga fasta na jira. Kun tsai da suna ko in ba wasu ranar?"

Mai ganga ya haɗiye jinin da ke gangaro masa ta maƙoshi.

"Mun tsayar. Ƙarami da Yaransa."

"Madalla, ai haka ya kamata. Na san kai babba ne, za ka gane. Ka ce masa ya lallaɓa muryar nan, ban da ruwan sanyi, ban da yawan surutu. Saboda shi mutane ke ta kama kujeru."

"Zan gaya masa," in ji Mai ganga.